Lacca Kan Saka Ƙarin Kati a Cikin Rauta

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sauraro. Yau za mu yi magana kan saka ƙarin kati a cikin rauta, wato na'urar da ke zaɓa wa bayanai hanyar da za su bi tsakanin cibiyoyin sadarwa. Manyan rautoci, irin su ISR 2900 da ISR 4000 na kamfanin Cisco, an ƙera su da guraben da aka bari fanko, domin idan bukata ta ƙaru a sayo kati, wato allon lantarki mai ƙara wa rautar kafofin haɗi, a zura, maimakon a canja na'urar ɗungurungum.

Zura katin ba ya wuce minti biyu, amma ɓarnar da na fi gani tana faruwa ne tun kafin a kai ga zurawar. Mutum zai sayo kati don kawai girmansa ya dace da gurbin, alhali manhajar Cisco mai suna IOS da ke kan rautar ta tsufa, ba ta san wannan katin ba, sai a kunna a ga shiru. Don haka a fara duba takardun kamfanin, a tabbatar samfurin rautar da sigar manhajarta sun karɓi katin, sannan a adana kwafin saitin a wani wuri dabam.

Sai batun kashe wuta. Nau'in katin da ake kira EHWIC na jerin 2900 ba a saka shi rauta tana aiki. Dole a kashe ta, a zare wayar wutar. Nau'in da ake kira NIM na jerin 4000 kuwa, a yawancin samfuran jerin, an yi shi yadda zai shiga ko da tana kunne. Wanda ya rikita waɗannan biyun yana iya ƙona katin da gurbin gaba ɗaya.

Abin da nake so ku riƙe sosai shi ne wutar da ke taruwa a jikin mutum daga gogayyar tufafi ko tafiya kan darduma. Ɗan Adam ba ya jin tartsatsinta sai ta kai wajen bolt 3,000, alhali abin da bai kai bolt 100 ba yana iya lalata wasu ƙananan sassan katin. Mafi muni, katin da ta taɓa ba lalle ya mutu nan take ba. Yana iya yin aiki na makonni, daga baya ya soma yankewa, a yi ta zargin waya ko kamfanin sadarwa. Saboda haka a ɗaura maɗaurin wuyan hannu mai zuƙe wannan wutar daga jiki ya taɓa fata, a maƙala bakinsa ga ƙarfen rautar marar fenti, a riƙe katin ta gefensa, kada yatsa ya kusanci haƙoransa na ƙarfe da ke shiga gurbin.

A daidaita shi kan layukan gurbin, a tura a hankali har fuskarsa ta yi daidai da jikin rautar. Idan ya cije, a dawo da shi a sake duba, kada a sa ƙarfi. Gurbin da ya rage fanko a mayar masa da murfinsa, domin iskar fanka ta bi hanyarta.

Bayan an kunna, umarnin show inventory zai nuna ko rautar ta ga katin. Sabuwar kafar haɗin da katin ya ƙara kan taso a rufe, sai an ba ta adireshi, an rubuta umarnin no shutdown don buɗe ta, kafin bayanai su fara wucewa.