Don Allah kada ki ajiye man nan tun aiki bai ƙare ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau raina a ɓace yake, ko mayafi ban gyara ba na kunna kyamara. Wata baiwar Allah na gani a ƙofar makarantar yara, ɗanta mai ekzima, ciwon ƙaiƙayin fata, ya sosa bayan gwiwa da lanƙwasar hannu har jini. Na ce, Maman yaro, ina man da likita ya ba ku? Wai ta shafa kwana biyu ta ajiye, an ce mata sitiroyid ne, ɗan'uwan man bilicin, zai lalata masa fata. Wallahi kamar in yi kuka. Yaron nan fa ba ya barci!

Tsoronta yana da tushe. Mayukan bilicin da yawa akwai kulobetasol a ciki, yana ajin da ya fi ƙarfi a mayukan sitiroyid masu kwantar da kumburin fata, kuma a lafta shi a duk jiki wata da watanni, dole fata ta saɓule. Amma haidirokotizon kashi 1 cikin 100 da aka fi ba yara shi ne mafi sauƙi a cikin aji huɗu, kuma tun 1952 ake shafa shi. Ina aka haɗu?

'Yata ma tana da wannan ƙaiƙayin, ekzima. Sanyin ƙasar nan da na'urar ɗumama ɗaki su ke tayar mata da shi, fata ta bushe ƙamas. Kai, ina kewar rana, wallahi. Amma ku zo ku ga wuyanta yanzu, tubarkalla, sumul, har malamarsu ta tambaye ni me nake yi.

Ba wani sirri. Ki matso man daga kan ɗan alinki zuwa gaɓar farko, wannan ya isa wuri mai faɗin tafin hannunki biyu. Masu dangwala ɗan mitsitsi don tsoro, ciwon kawai kuke jawo wa tsawo. Sau ɗaya ko biyu a rana, yadda likita ya faɗa, a kan wurin ciwon kaɗai. Idan ya lafa kada ki tsaya nan take, a nan ana cewa a ƙara awa 48. Kamar garwashi ne a ƙarƙashin toka, sama ya yi sanyi, ciki da sauran wuta.

Kuma a fatarmu ciwon ba ja yake yi ba irin na hotunan da ke asibiti. Duhu yake yi, ko toka-toka. Idan ya warke ya bar fari-fari, galibi tabon kumburin ne, a hankali launin zai dawo. A nan ne mata da yawa ke ɗora wa man laifi su jefar da shi.

Man laushin fata kuma kullum ne, ko da lafiya ƙalau, fatar yaro tana iya shanye giram 250 zuwa 500 a mako. Ni nakan bar kamar rabin awa tsakaninsa da maganin. Ki kula, man laushin yana jiƙa tufafi da zanen gado, wuta na saurin kama su, kada yaro ya matsa kusa da murhu.

Fuska da fatar ido kada ki sa musu mai ƙarfi sai likita ya ce, kuma kada ki ari na wata. Idan wurin ya fara tsatsar da ruwa, ya yi ɓawo ruwan ɗorawa, ko ƙananan ƙuraje masu zafi suka feso da zazzaɓi, ranar nan ki kai shi asibiti, kada ki jira gobe.