Daga Kasuwar Talpiot a Haifa: Inda Bakin Bahaushe Ke Tuntuɓe a Ibrananci

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Yau ina Haifa, unguwar Hadar, a bakin kasuwar Talpiot. Da gangan na zo nan, domin sunayen kayan miya kaɗai sun isa su tona duk wuraren da bakin Bahaushe ke tuntuɓe a Ibrananci na zamani.

Mai koyo yakan ɓata makonni yana kokawa da "r" ɗin maƙogwaro, alhali ba ita ke hana a fahimce shi ba. Larabawan garin nan da yawa da kan harshe suke kaɗa tasu, kamar "r" ɗin "tara", kuma ciniki bai taɓa tsayawa ba saboda haka. Abin da ke sa mai tumatir ya ce maka "ma?", wato "me?", shi ne jan wasali da danna gaɓar da ba ita ba. To daga nan za mu fara.

Wasulan Ibrananci biyar ne, a, e, i, o, u, kamar namu. Bambancin shi ne su ba su da dogo da gajere. Mu kuwa da tsawon wasali da karin sauti muke raba "gari" na mutane da "gari" na tuwo, shi ya sa bakinmu ke ja ko ba a sa shi ba. A nan kowane wasali gajere ne, sai dai a kowace kalma akwai gaɓa ɗaya da ake dannawa, ta fi sauran ƙarfi. Ku saurara: sha-LOM. To-DA, na gode. Ba "shaaloom" ba. Yawancin kalmomi a gaɓar ƙarshe ake danna su. Ga albasa can, ba-TSAL. Ga madara, kha-LAV.

Amma akwai babban rukuni da ake dannawa a gaɓar kusa da ƙarshe, kuma kunne zai gane su da sauri, don galibinsu "e" ne a gaɓar ƙarshe: GE-zer karas, LE-khem burodi, KE-sef kuɗi, SE-fer littafi, E-rev yamma. Kada ku ɗauki wannan ado ne, ma'ana yake sauyawa. BO-ker safiya ce, bo-KER makiyayin shanu ne. O-khel abinci, o-KHEL yana ci. Rekho-VOT tituna, amma birnin da ke kudu da Tel Aviv, Re-KHO-vot mutane ke ce masa. Rubutu ba zai nuna maka wannan ba. Don haka duk sabuwar kalmar da ka rubuta a littafinka, ja layi a ƙarƙashin gaɓar da ake dannawa tun ranar farko. Wanda ya haddace kalma 300 ba tare da wannan layin ba, sai ya koma ya sake koyon su.

Shadda ma babu ita a baki. A rubutu mai ɗigon wasali za ka ga ɗigo a cikin harafi, amma ba a ninka baƙin: I-ma uwa, A-ba uba, sha-BAT Asabar. Kada a ce "imma" ko "shabbat" da nauyi irin na "babba".

Yanzu ku matso ku ga wannan tattasan. Sunansa pil-PEL. Kokwamba kuma melafe-FON. A Hausa "f" da "p" abu ɗaya ne, wani ya ce "fanka" wani ya ce "panka", duk a gane. A nan baƙaƙe biyu ne dabam. Sa-FA harshe ne da ake magana da shi, sa-PA kujerar falo ce. Kuma gaskiyar magana duka biyun sai mun koya, domin "f" ɗinmu da leɓɓa biyu muke hura ta. Tsaya gaban madubi. A "p", leɓɓa su rufe ruf, sannan su buɗe. A "f", haƙoran sama su zauna kan leɓen ƙasa, iska ta fita ta tsakaninsu, leɓɓan kada su haɗu. In ka samu "f", to "v" ta zo hannu: bakin yana nan yadda yake, sai dai ka sa murya. Ɗora yatsa a maƙogwaro, za ka ji yana rawa. Gwada da kakanni: SA-ba kaka namiji da "b", SAV-ta kaka mace da "v". Sannan tov, mai kyau, da bevaka-SHA, don Allah.

Ga wata ƙa'ida da za ta rage muku rabin wahala. A asalin kalmomin harshen, harafin pe a farkon kalma "p" ne kullum, a ƙarshe "f" ne kullum. Harafin bet a farko "b", a ƙarshe "v". Kaf a farko "k", a ƙarshe "kh". Kalmomin aro irin su falafel ne ke fita daga wannan. Shi ya sa saiwa ɗaya ke sauya sauti: ka-TAV ya rubuta, likh-TOV rubutawa, pa-GASH ya haɗu da wani, lif-GOSH haɗuwa. Ba kalmomi dabam ba ne, harafin ne ya sauya mazauni.

Abu na gaba shi ne wanda ya mayar da "bread" na Turanci "burodi". Bakinmu ba ya son baƙi biyu a jere a farkon kalma, sai ya cusa wasali, ba ya kuma son kalma ta ƙare da baƙi, sai ya liƙa mata wutsiya. Ibrananci cike yake da irin wannan: dvash zuma, gvi-NA cuku, sli-KHA gafara dai, SHTA-yim biyu, ktsat kaɗan. Maganinsa, fara daga baya. Ka ce "tsat" sau biyar, sannan ka shirya harshenka a wurin "k" shiru, ka sake shi kai tsaye cikin "tsat". A "slikha", ja "sss" kamar maciji, ka faɗa kan "likha" ba tare da ka buɗe baki ba. Akwai inda su da kansu suke sa ɗan "e", galibi in kalmar ta fara da y, l, m, n ko r: yela-DIM yara, re-KHOV titi. In ba haka ba, haɗe su.

Wannan "ts" ɗin kuma a kula. Ba ta "tsuntsu" ba ce. Tamu da maƙogwaro a rufe muke harba ta. Tasu "t" ce da "s" a manne, da iskar huhu, ba harbi. Haka harafin kuf, "k" ce zalla, ba "ƙ" ba.

Yanzu ga 'yan uwana da suka yi allo ko Islamiyya. Kuna da riba babba, kuna kuma da tarko. Ibrananci yana da haruffa 22, daga dama zuwa hagu, kuma da yawa 'yan uwan na Larabci ne, sai mutum ya ɗauka zai ba kowane harafi haƙƙinsa kamar a tajwidi. A bakin yawancin mutanen yau ba haka ba ne. Khet, ɗan uwan ha ƙarami, ya koma ha mai ruwa, sautinsa ɗaya da khaf, wato kaf ɗin da ake furtawa "kh". Ayin ya zama kamar alif, sau da yawa ma ba a jin sa. Tet, ɗan uwan ɗa mai hannu, "t" ce kawai. Dalilin yana cikin tarihi. Eliezer Ben-Yehuda ya iso Ƙudus a 1881 da niyyar mayar da harshen littafi harshen gida da kasuwa, aka zaɓi lafazin Sefardawa, wato Yahudawan da asalinsu Andalus ne, amma yawancin waɗanda suka fara magana da shi daga Turai suka zo da bakin Yidish, harshen Yahudawan Turai, da Rashanci, baƙaƙen maƙogwaro suka gagare su. Tsofaffin da asalinsu Yaman ne ko Iraƙi har yanzu suna fitar da khet da ayin sarai, kuma ni a kunnena nasu ya fi daɗi. In ka furta irin nasu ba ka yi kuskure ba. Amma dole kunnenka ya saba da wanda aka fi yi, in ba haka ba za ka ji kalmar da ka sani ka kasa gane ta.

"Kh" ɗin a wurin beli ake yin ta, kamar mai shirin kakin majina amma a hankali. Kada ta zama "h", kada ta zama "k". In khet ya zo ƙarshen kalma bayan u, o, i ko e, ana shigar da "a" kafinsa: ta-PU-akh tuffa, RU-akh iska, LU-akh allo. Kun ji su? Ruakh ɗan uwan "ruhu" ne, luakh kuma shi ne lauhun Larabci da ya zama allonmu.

"R" ɗin ma a wannan wurin take, kusa da ghain ɗin Larabci amma ta fi ta laushi. Kurɓi ruwa kaɗan, ɗaga kai, ka yi gargara, ka lura da inda ke rawa. Zubar da ruwan, ka maimaita da murya, kan harshe yana kwance bayan haƙoran ƙasa. Fara da kalmomin da "g" ta riga ta, kamar gar, yana zaune a gari kaza, don harshe ya riga ya koma baya. Minti biyu a rana ya isa. Ta zo, madalla. Ba ta zo ba, ci gaba da taka.

Ribar da na ce kuwa, ku ji. Sha-A sa'a, zman zamani, KE-ver kabari, bra-KHA albarka, tsda-KA sadaka, khesh-BON lissafin kuɗi, ɗan uwan hisabi. Arba-IM arba'in, khami-SHIM hamsin. Inda muka aro "t" a talatin da tamanin, su "sh" suke da ita: shlo-SHIM, shmo-NIM. Akwai kuma zumuntar da ta girmi aro, don Hausa da Ibrananci gida ɗaya suka fito: shem suna, la-SHON harshe, met ya mutu. Bature na shan wuya kafin ya raba "kai" da "ke", mu da shi muka tashi: a-TA kai, at ke, ma shlom-KHA ga namiji, ma shlo-MEKH ga mace, kamar "lafiyarka" da "lafiyarki". Sai dai su sun wuce mu da taki ɗaya, mai magana ma yana nuna jinsinsa: namiji ya ce ani ro-TSE, mace ta ce ani ro-TSA, ina so. A yi hattara da masu kama da juna: "mi" wa ne, ba "me" ba, medi-NA ƙasa ce, ba birni ba, lekhem burodi ne, ba nama ba kamar "lahm" na Larabci.

Game da tsarin koyo, makarantun harshen ana kiran su ulpan, na farko, Ulpan Etzion, an buɗe shi a Ƙudus a 1949, kuma matakin farko na cikakken lokaci yakan ɗauki wajen wata biyar. A can ana cire maka ɗigon wasali da wuri, don jarida da allon titi da saƙon waya duk ba su da shi. Saboda haka kada ka koyi kalma daga ido kaɗai. Ka ji ta tukuna. Kullum ware minti 15: zaɓi jimla biyar daga bakin ɗan harshen, saurari kowace sau uku, faɗe ta tare da shi, ɗauki muryarka a waya, ka kwatanta. Abu uku za ka duba: ina na danna, ina na ja, ina na cusa wasali.

To ga mai kayan miya ya samu sarari. Jimlar da zan faɗa masa ta tara kusan duk abin da muka yi, ku maimaita bayana a hankali: ef-SHAR KI-lo agvani-YOT, bevaka-SHA? Ko zan samu kilo ɗaya na tumatir, don Allah? Haƙori kan leɓe a "ef", "g" da "v" a manne a "agva". Sannan KA-ma ze o-LE, nawa ne? Ku matso kusa, ku saurari yadda zai faɗi lambar.