Hannun da ke jan igiya: lacca kan ƙararrawar majami'a, Maraɗi

Jama'a, barkanku da yamma. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abu uku na zo da su kan ƙararrawar majami'a, wadda ake bugawa da hannu.

Na farko, ƙarfen. Ƙararrawar kirki zubi ce: jan ƙarfe kusan kashi huɗu, kuza kashi ɗaya. In kuza ta yi yawa sai ta tsage. Mu wuce.

Na biyu, hannu. Nan fa zan daɗe, ku yi haƙuri. Mutum ya ga ana jan igiya, sai ya ce ai wannan ko yaro ya yi. To ja mu gani! Ka ja, ta tafi, sai ka sakar mata, igiya tana zamewa a tafinka, ka jira ta dawo da kanta. In ka riƙe gam, in babba ce, ita za ta ɗaga ka sama. Ku duba tafin mai bugu, duk kanta. Katolika suna da bugun Angelus, wato kiran wata addu'arsu, safe da tsakar rana da yamma: uku, a tsaya, uku, a tsaya, uku. Tsayawar nan ta addu'a ce, kuma mai igiya ne ke auna ta. In rasuwa aka yi, ɗaya-ɗaya ake bugawa, a hankali. Ranar aure kuwa a sake ta, ta yi ta rawa. Mu da muka tashi da tambarin sarki ai mun san wannan: kafin a ce uffan, gari ya gane. Na ce gari ya gane! Shi ya sa a 2022 UNESCO ta sa bugun hannu na ƙasar Sifen cikin al'adun gado na duniya. Ƙananan garuruwansu, kowane da salonsa.

Na huɗu (dariya), to, na uku ɗin ya bi ta taga. A Ingila a ƙungiya ake bugu, kowane mutum da ƙararrawarsa da igiyarsa. Ƙararrawa bakwai ana iya jera su hanya 5040, kuma sukan buge su duka ba maimaici, wajen awa uku a tsaye. Ni dai gwiwata ba za ta kai ba.

Na'am, Baba, bismilla.

(Wani dattijo: Malam, mu can ƙauyenmu wajen Tsibiri tsohon jantin mota ne muka rataye a bedi. Shi ma yana cikin lissafi?)

Yana ciki mana, Baba! Amma da waya ko igiya za ku rataye shi, ya yi lilo. Kada ya jingina da itacen, in ya taɓa, muryar ta mutu. A buga a baki, ba a tsakiya ba. Kuma ku riƙe mai bugu ɗaya, don in ƴan lakwal ma janti suke bugawa, da hannunsa kaɗai za a bambance. Wa ke buga muku yanzu?