Injin Girgiza da Ciwon Gwiwa

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Hadiza ce, ga Bashir, ga kuma Malam Nura, ma'aikacin gashin ƙashi. Malam, saƙonni sun yi mana yawa a kan injin nan da ake tallarsa a Facebook, wanda mutum zai hau ya tsaya yana girgiza shi. Wai yana maganin amosanin gwiwa.

Nura: Wa alaikumus salam. Bari mu fara da ciwon kansa, Malama Hadiza. A bakin ƙasusuwan gwiwa akwai guringuntsi mai santsi da ke hana su gugar juna. In ya fara zaizayewa, sai ki ji Hajiya tana cewa hawa bene ya gagare ta, ko in ta tashi da safe gwiwar ta sandare na ɗan lokaci, yawanci bai kai rabin awa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kimanin mutum miliyan 365 ke fama da shi a gwiwa, kuma mata sun fi yawa.

Bashir: To shi injin me yake yi?

Nura: Faranti ne da ke karkarwa da sauri, galibi sau 20 zuwa 50 a daƙiƙa guda. Ka tsaya a kai, ka ɗan lanƙwasa gwiwa, sai tsokar cinya ta riƙa ɗaurewa tana saki da kanta. An yi bincike a kai, amma bakin masana bai zo ɗaya ba. Wasu sun ga ɗan sauƙi in an haɗa shi da atisaye, wasu ba su ga bambanci ba. Abin da na tabbata shi ne, ba ya mayar da guringuntsin da ya cinye.

Hadiza: Ke nan ba sai an sayar da akuya an saye shi ba.

Nura: Ko kusa! Abin da ke damuna ma shi ne, maganin da ya fi inganci kyauta ne, mutane kuwa sun raina shi. Ƙarfafa cinya. A kwanta rigingine a kan tabarma, a lanƙwasa ƙafa ɗaya, a miƙe mai ciwon sosai, a ɗaga ta kamar taki guda daga ƙasa, a ƙirga biyar, a sauke a hankali. Sau 10. Sannan a zauna a kujera mai tsayi, a miƙe, a koma, ba tare da dafa komai ba in za a iya. Amma ba a ganin amfaninsa a kwana biyu, sai an jure makonni.

Bashir: Malam, iyayenmu fa tsoro suke ji, suna cewa motsi ƙara cinye gwiwar yake yi.

Nura: Zaman ne ke cutar da su, Bashir. In cinya ta yi laushi, duk nauyin a kan gaɓar yake sauka. Ɗan ciwon da zai lafa kafin washegari ba matsala ba ne. In gwiwar ta kumbura ta yi zafi, a dakata a zo a duba. Ga kuma ƙiba: kilo ɗaya in ya ragu, kusan kilo 4 aka ɗauke wa gwiwa a kowane taku.

Hadiza: Salla fa? Da yawa suna jin nauyin zama a kujera.

Nura: Malamai sun bayyana cewa wanda tsayuwa ko sujada ta gagara yana da rangwame. Masai na tsuguno ma a sa masa kujera mai rami.

Bashir: Wanda ya riga ya sayi injin fa?

Nura: Mai juna biyu, da wanda jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa, da mai na'urar bugun zuciya, da wanda aka yi wa aikin gwiwa kwanan nan, kada su hau. Sauran su fara zuwa sashen gashin ƙashi, kamar na asibitin ƙashi na Dala a Kano, a auna su a tsara musu minti nawa za su yi, kuma a sami abin dafawa a kusa saboda jiri.

Hadiza: Mun gode, Malam. Mako mai zuwa za mu tattauna a kan ƙwayoyin kashe ciwo da ake sha barkatai, da illarsu ga ciki da ƙoda. Mu kwana nan.