A-kori-kura ta ƙi tashi: yadda ake gane famfon mai ya mutu da yadda ake canja shi

Jama'a assalamu alaikum. Wannan Hilux mai shan fetur da kuke gani, kik yana juyawa lafiya lau, batir da ƙarfinsa, amma inji ya ƙi kamawa. Kafin ta kai ga haka ta daɗe tana ba da alama: in an ɗora mata buhuna aka taka totur a hawan gadar Kawo sai ta riƙa shaƙewa tana fizga, in ta yi zafi aka kashe ta sai an yi ta fama kafin ta tashi, ga wani kuka siriri da ke fitowa daga wajen tanki. Duk wanda ya ji wannan zai ce famfon mai ne. Mai yiwuwa shi ne, amma kada ka tafi Oriyafata, kasuwar kayan gyaran mota ta Kaduna, sayen sabo tukuna, don an sha jefar da famfo mai rai alhali fis ne ya ƙone.

Famfon yana cikin tanki, nutse a cikin fetur, kuma da lantarki yake aiki. Don haka ta wuta za mu fara. Buɗe akwatin fis da ke kusa da batir, ka ciro wanda aka rubuta wa EFI ka ɗaga shi a haske. In siririyar wayar ciki ta tsinke, ka samu ɓarawonka. In lafiya take, sai ka koma kan rile, wato ɗan akwatin da ke kunna wa famfo wuta: ciro na famfo, ka musanya shi da wani mai lamba iri ɗaya, ka sake gwadawa.

Ana yawan cewa ka murɗa makulli ka kasa kunne, za ka ji famfo ya yi ƙugi na daƙiƙa 2 zuwa 3. Gaskiya ne a motoci da yawa, sai dai wasu Toyota ba sa ba famfo wuta sai inji ya fara juyawa. Shirun da ka ji ba hujja ba ce. Sa yaron gareji ya riƙa ba ta kik, kai kuma ka cire murfin tanki ka saurara. In har yanzu shiru, ɗan bubbuga ƙasan tankin da tafin hannu ko guntun katako yayin da ake kik ɗin. In ta tashi, cikin famfon ya cinye, bugun ne ya zaburar da shi. Zai kai ka gida, amma ba zai kai ka Zariya ba.

Abin da ke raba gardama shi ne mitar awon wuta da gejin awon ƙarfin mai. A soket ɗin da ke saman tanki, ya kamata wutar da ke zuwa ta yi kusa da ta batir lokacin da ake kik. In babu, ko ta yi ƙasa sosai, aikin rewaya ne: waya ta tsinke ko as, wato wayar da ake ɗaurewa a ƙarfen jikin mota, ya yi tsatsa. In wuta na zuwa, ɗaura geji a fayif ɗin da ke kai mai wajen nozul, masu fesa wa inji mai. Irin wannan inji yana son ƙarfin mai kusan bar 3, wato psi 40 da 'yan kai, amma duba littafin motarka. In allura ta tsaya ƙasa, ko ta faɗi da zarar an taka totur, kuma filta ba ta toshe ba, to famfo ya gama aiki. Masu dizal kuwa, tsarinku daban ne, wannan bayani ba naku ba ne.

Sai canji. Cire rilen famfo ka ba ta kik don man da ke matse a fayif ya sauka, sannan ka kwance baƙar wayar batir, wato negatif. Zuƙe man tanki da famfon hannu, ba da baki ba, don Allah. Lita ɗaya ta fetur ta kai kusan giram 750, tanki mai lita 80 a cike kilo 60 ke nan ban da nauyin tankin, kuma yana tangal-tangal a hannu. Ko ka sauke tankin da jak, ko ka kwance kusoshin bodi a ɗaga shi a isa famfon ta sama. A a-kori-kura ni na fi son na biyu in akwai mutane, don ba ka kwance a ƙasa mai na ɗiga maka a ido.

Kalli jar ƙurar da ta taru a bakin famfon nan. Goge ta tas kafin ka buɗe, in ba haka ba cikin tanki za ta zuba. Babu taba, babu walda a kusa, kuma kada a doki zoben da ke riƙe famfon da kurfin ƙarfe, tartsatsi ɗaya ya isa. Zaro famfon a hankali a karkace don kada hannun fulota, abin da ke shawagi a kan mai yana auna yawansa, ya lanƙwashe, gejin mai ya koma yi maka ƙarya.

Yanzu dubi rariyar da ke gindinsa: ta yi baƙi ƙirin, yashi da laka sun like ta. Wannan aikin man bumburutu ne da aka ɗura da jarka mai datti. Ƙari a kan haka, tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane ke yawo da jar wutar ƙarancin mai a kunne, alhali fetur ɗin ne ke sanyaya famfon. Wanke tankin, ka sa sabuwar rariya da sabuwar robar baki. Ɗan Beljiyam yana iya daɗewa, yana iya mutuwa a sati, don haka ka yi sharaɗin mayarwa da mai shago. Kuma kada ka gwada shi a bushe ta hanyar taɓa waya a batir kusa da buɗaɗɗen tanki.

Mayar da fayif har ka ji ya ce ƙyas, haɗa soket, mayar da rile da batir. Za ta ɗan ja kik kafin mai ya cika layi. Da ta tashi, bar ta a sulo ka leƙa kowace mahaɗa ko akwai yoyo ko warin fetur, ka sake duba geji, sannan a ɗaure bodi a fita da ita gwaji da kaya a baya.