Ruwa ya sauka, rezo ya tafi: kar ka juya anten tukuna

Tun da damina ta kankama, daga Birni har Sabon Gari magana ɗaya ake yi: wai ruwan sama ne ke cinye intanet. Sai mutum ya hau soro ya yi ta juya anten. Dakata, ɗan'uwa, sauko mu duba tare.

Irin anten ɗin intanet da ake kafawa a kan soro yana aiki ne a kan giga 2.4 ko giga 5, wato gigahertz, ma'aunin mitar sigina, ba gigar data ba. A wannan mataki ɗigon ruwa bai cika tare sigina ba, balle a tazarar cikin gari. Sai an haura giga 10 ruwa ke yin ɓarna sosai, shi ya sa hoton parabol ke daskarewa in hadari ya yi nauyi.

To me ke kashe naka? Lura da lokacin da rezo ke dawowa. In an ɗauke ruwa amma shiru, sai rana ta buɗe ta gasa rufin sannan ya farfaɗo, to ruwa ne ya shiga kan wayar da ke haɗe da anten.

Zare kan wayar ka duba. Ka ga koren tsatsa a kan ƴan haƙoran ƙarfen da ke jikinsa? Ruwa ya bi jikin waya ya gangaro har ciki. Gogewa ba ta gyara shi. A yanke kan, a ɗan ƙara yankewa baya har a samu inda ya bushe, a matse sabo.

Nan ne kusan kowa ke kuskure. Kafin waya ta shiga ɗaki ko akwati, a sake ta ta sauko ƙasa da ramin da za ta shiga, sannan ta lanƙwaso sama. Ta haka ɗigon ruwa in ya zo gindin lanƙwasar, sai ya faɗi ƙasa. Idan akwai mahaɗa a fili, a naɗe ta da tef ɗin roba mai mannewa da kansa. A ja shi ya miƙe, a fara daga ƙasa a hau sama, kowane zagaye ya rufe rabin na baya, sannan a bi da baƙin tef na masu lantarki. Baƙin shi kaɗai ba ya jure zafin watan Afrilu namu, kafin ruwan fari ya saki baki. Ni dai abin da ke ci mini rai shi ne in ga anten mai tsada an ɗaure bakinsa da leda.

Sauran a gurguje. Wayar cikin ɗaki rana na fasa ta, a sayi ta waje. Iskar da ke zuwa gaban hadari tana karkatar da ƙarfe, a ƙara ɗaure kusoshi. Dogon yaron da ya cika ganye tsakaninka da mai ba ka sigina, in ya jiƙe yana rage ƙarfi, a sassabe reshen.

Kuma don Allah, ana walƙiya kar kowa ya hau sama. A zare wayar anten daga ƙaramin akwatin wutarsa, a jira gari ya washe.