Kwana 1,200 Ana Jira: Yadda Wayar Hannu Ta Sha Gaban Kwamfutar Tebur a Kamfanin Apple

Assalamu alaikum masu kallonmu, barkanmu da warhaka.

Ku dubi wannan baƙin abu da ke kan allo. Zagayayye ne kamar gwangwani, yana sheƙi, tsayinsa bai kai kamu ɗaya ba. Kwamfuta ce sukutum, sunanta Mac Pro, kuma kamfanin Apple na Amurka ya fara sayar da ita ranar 19 ga Disamban 2013 a kan dala 2,999. An ƙera ta ne domin masu aiki mai nauyi: masu tace fim, masu haɗa sauti a situdiyo, masu zanen gine-gine, masu rubuta manhaja. Mutanen da idan kwamfutarsu ta tsaya, abincinsu ya tsaya.

To, daga wannan rana sai da aka shafe kwana sama da 1,200 kamfanin bai taɓa ta ba. Bai sauya masarrafarta ba, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa duk aikin da take yi, bai ƙara mata ƙarfi ba, bai rage ko dala ɗaya a farashinta ba. A cikin wannan tsakani kuwa an fitar da iPhone 6, an fitar da 6s, an fitar da SE, an fitar da 7. Duk watan Satumba sai an yi gagarumin biki an nuna sabuwar waya, mai kwamfutar tebur yana gefe ya zuba ido.

Me ya kawo haka?

Mu fara da kuɗi, don a nan gizo ke saƙar. A shekarar kuɗi ta 2016, Apple ya yi cinikin dala biliyan 215.6. Daga ciki, iPhone kaɗai ta kawo biliyan 136.7. Duk kwamfutocin Mac idan aka haɗa su, na tebur da na cinya, biliyan 22.8 suka kawo. A cikin Mac ɗin ma, kamfanin da kansa ya ce kashi 80 cikin ɗari na cinya ne, kashi 20 ne na tebur, ita kuwa Mac Pro ba ta kai kashi 10 ba. Duk ɗan kasuwa ya san hajar da yake ajiyewa a bakin shago da wadda yake turawa can ƙurya.

Kuma abin ba a 2013 ya faro ba. Ranar 9 ga Janairun 2007, ranar da Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, ya nuna iPhone ta farko, a ranar ya sanar cewa an cire kalmar kwamfuta daga sunan kamfanin. Wata uku bayan nan, a Afrilu, kamfanin ya fito ya ce babbar manhajar Mac mai suna Leopard ba za ta fito a Yuni ba sai Oktoba, saboda an ari injiniyoyinta an kai su aikin iPhone. Ba zargi ba ne, su suka faɗa da bakinsu. A 2010 kuma Jobs ya kwatanta kwamfuta da motar ɗaukar kaya: ya ce za ta ci gaba da amfani, amma mutane ƙalilan ne za su buƙace ta, mafi yawa ƙananan motoci za su hau.

Kwatancen ya yi, ban musa ba. Sai dai wanda ke tuƙa a-kori-kura ba don sha'awa yake tuƙa ta ba, da ita yake kai kaya kasuwa. Shirin da kake kallo a wayarka, waƙar da kake saurare, har manhajar da ke cikin iPhone ɗin kanta, akasari a kan babbar kwamfuta aka haɗa su. Manhajojin iPhone ma da wata manhajar Apple mai suna Xcode ake rubuta su, ita kuwa a kan Mac take aiki.

Yanzu bari mu buɗe cikin wannan gwangwani, don akwai dalili na biyu wanda kuɗi kaɗai ba su bayyana shi ba.

Idan ka zare murfin, za ka ga wani ƙarfe mai kusurwa uku a tsaye a tsakiya. A gefe ɗaya an manna masarrafa, a sauran gefe biyun an manna katin hoto guda biyu, wato na'urar da ke sarrafa hoto da bidiyo. Dukkansu ukun a jikin wannan ƙarfe suke sauke zafinsu, fanka ɗaya tal da ke sama tana zuƙo iska daga ƙasa tana fitar da shi. Dabara ce mai kyau, shi ya sa na'urar ba ta da ƙara. Amma an yi lissafin ne a kan cewa zafin zai rarrabu gida uku daidai wa daida. Injiniyoyin sun ɗauka duniya za ta koma amfani da matsakaitan katin hoto guda biyu. Sai duniya ta bi wata hanya: kati ɗaya, ƙato, mai fitar da zafi kamar murhu. Idan aka ɗora irinsa a gefe ɗaya na wannan ƙarfe, ba zai iya ɗauka ba. Ga shi babu ramin da mai ita zai soka wani kati da kansa, kamar yadda ake yi a tsohuwar Mac Pro mai siffar akwati.

Wasu sun ɗora laifin a kan Intel, mai ƙera masarrafar. Gaskiya ne Intel ya yi ta samun jinkiri a waɗannan shekaru. Amma ya fitar da sababbin masarrafan Xeon a 2014 da 2016, kamfanoni irin su HP da Dell sun saka su a nasu injinan. Don haka wannan uzuri bai rufe komai ba.

Abin da ya fi ƙona wa masu saye rai, a ganina, shi ne shirun. Ka ɗauka kai ne mai situdiyo, kana da na'ura biyar da suka fara gajiya. Aikin da ke shigo maka ya koma 4K, wato bidiyo mai fitowa tar amma mai nauyin sarrafawa, fim ɗin da ya kamata ka fitar cikin awa ɗaya yana cin rabin yini, mai aiki yana ta bugo waya. Ka sayi ta 2013 a kan cikakken farashi, alhali ta shekara uku? Ka jira sabuwa, alhali ba wanda ya ce tana zuwa? Ko ka koma Windows, ka sake sayen manhajoji, ka sake koya wa yaranka aiki daga farko? Kowace hanya da asararta, kuma wanda ya san amsar ya ƙi magana. Wasu sun koma Windows ɗin. Wasu sun riƙe tsofaffin akwatunansu na 2010 da 2012 suna ta sauya musu kayan ciki. Wasu kuma suka haɗa kwamfuta da hannunsu suka ɗora mata manhajar Mac ta bayan fage.

Ƙaramar 'yar uwarta, Mac mini, ita ma haka ta sha. An sabunta ta a Oktoban 2014, kuma sabuntawar ta zo da ragi, don an like ram ɗinta, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da ake kai, a jikin allon kayan cikinta yadda ba za a iya ƙarawa ba, an kuma daina samfurin da masarrafarsa ke da ƙwaƙwalwa huɗu. Daga nan ba a sake waiwayarta ba sai Oktoban 2018. Shekara huɗu cur.

A farkon Afrilun 2017 ne Apple ya yi abin da bai saba ba. Ya gayyaci 'yan jarida biyar zuwa hedikwatarsa a Cupertino, Phil Schiller, shugaban sashen talla na lokacin, ya ba masu saye haƙuri a kan jinkirin, Craig Federighi na sashen manhaja kuma ya amsa cewa tsarin fitar da zafin da suka yi ya ƙure musu hanya. Suka ce ana ƙera sabuwa, amma ba a wannan shekarar za ta fito ba. A Disamban 2017 aka kawo iMac Pro don a rage zafin jira. Sabuwar Mac Pro ba ta iso ba sai Disamban 2019, shekara shida bayan ta 2013. Ta dawo siffar akwati, da ramukan ƙara kati, amma farashinta ya fara ne daga dala 5,999.

Sai kuma wani abu ya faru wanda masu ƙorafin ba su zata ba. Shekarun da kamfanin ya kwashe yana ƙera wa iPhone da iPad masarrafa mai sauri wadda ba ta cin wuta, su ne suka haifi M1, masarrafar da Apple ya ƙera wa Mac da kansa, a Nuwamban 2020. Aka saka ta a Mac mini, sannan a Maris ɗin 2022 aka fito da wata sabuwar kwamfutar tebur mai suna Mac Studio. Duk wanda ke aiki da janareta ko sola, irin masu tace fim a Kano, ya san darajar na'urar da ke aiki mai nauyi ba tare da ta zuƙe batir ba. Nan kam aikin waya ya amfani tebur, dole a faɗa.

Amma ta zo da ɗabi'ar waya. A waya komai a like yake, ba ka buɗewa ka ƙara. Mac Pro da aka fitar a Yunin 2023 mai masarrafar M2 Ultra tana da ramukan kati, sai dai ba ta karɓar katin hoto na waje, ram ɗinta kuma a haɗe yake da masarrafa, abin da ka zaɓa ranar saye da shi za ka zauna. Farashinta ya fara daga dala 6,999, alhali Mac Studio mai masarrafa iri ɗaya da ita a lokacin ana sayar da ita a kan dala 3,999.